Wane Magani Ke Ci Har Yanzu? Kundin Aikin Ɗakin Gwajinmu a Zariya

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Yau muka soma aikin da muka daɗe muna shawara a kansa. Ɗakin gwajinmu ƙarami ne, na wani asibiti mai zaman kansa a nan Zariya, kuma fitsari ne abin da ya fi shigo mana: daga Sabon Gari, Tudun Wada, cikin birni, Samaru, har ƙauyukan Giwa da Soba. Likita ya rubuta a shuka, a ga ƙwayar da ke ciki da maganin da take ji. Abin da muke nema a ƙarshen aikin nan takarda ce guda, wadda za ta nuna wane magani ne har yanzu yake cin ƙwayoyin da ke sa wa mutanenmu ciwon mafitsara, wane ne ya daina. Likita na bukatar sanin haka tun ranar farko, domin sakamakon shuka sai bayan kwana biyu ko uku yake fita, mai jin zafin fitsari kuwa ba zai zauna jira ba.

Sai dai kafin a tara lissafi dole a gyara ma'auni. Abin da aka saba a ƙananan ɗakunan gwaji da yawa shi ne a ɗauki faifan takarda mai rassa takwas ko goma, kowane reshe da maganinsa, a ɗora a kan kowane irin agar ya samu, wato daskararren abincin da ake shuka ƙwayoyin cuta a kansa, washegari a ƙyalla ido a rubuta alamar tarawa uku, ko biyu, ko ɗaya. Kintace ne kawai. Hanyar da za mu bi ita ce wadda Bauer da Kirby da abokan aikinsu suka wallafa a 1966 daga birnin Seattle na Amurka: agar na Mueller-Hinton mai kaurin milimita 4, ruwan ƙwayoyi mai duhun 0.5 a ma'aunin McFarland, kowane magani da faifansa, ɗumi digiri 35, awa 16 zuwa 18, sannan a sa rula a auna faɗin filin da ƙwayar ta kasa tsirowa. Lambar da aka samu ita za a kai jadawalin CLSI, hukumar da ke tsara ƙa'idojin ɗakunan gwaji, shi zai ce tana ji, ko tana tsaka-tsaki, ko ta bijire.

Alhamis, 23 ga Janairu

Makon nan na zuba faranti ne. Mililita 25 ke ba da kaurin milimita 4 a faranti mai faɗin milimita 90, don haka mun daina zubawa da ido, sai da awo. Idan agar ya yi kauri, maganin da ke cikin faifan yakan nitse ƙasa maimakon ya bazu gefe, fili ya fito ƙarami, a ce ƙwaya ba ta jin magani alhali tana ji. Idan ya yi siriri, fili ya buɗe fiye da gaskiya, a ba mara lafiya maganin da ba zai yi masa komai ba. Na biyun ya fi tayar mini da hankali. Har teburin da muke zubawa a kai sai da muka aro ma'aunin magina muka daidaita ƙafafunsa, saboda farantin da ya daskare a karkace gefe ɗaya kauri ne, ɗaya siriri.

Hunturu na ba mu aiki. Ƙura na shiga ta ko'ina, kuma tana ɗauke da ƙwayoyin Bacillus da na fumfuna. Mun liƙe tagogi da jiƙaƙƙen ƙyalle, muna zubawa kusa da harshen wuta, kuma daga kowane zubi muna kwana da faranti ɗaya a cikin inkubeta ba tare da an shuka masa komai ba. Ya wayi gari fes, zubin ya yi. Ya tsiro da wani abu, a zubar da duka.

Kwalbar McFarland, wadda ake kwatanta duhun ruwan ƙwayoyi da ita, da kanmu muka haɗa: mililita 0.05 na barium chloride mai ƙarfin kashi 1.175 cikin ɗari, a cikin mililita 9.95 na sulphuric acid mai kashi 1 cikin ɗari. Wannan ɗan duhun yana daidai da ƙwayoyi wajen miliyan 150 a mililita guda. Ana riƙe ta kusa da kwalbar mara lafiya a gaban farar takarda mai baƙaƙen layuka, a yi ta ƙara ruwan gishiri ko ƙwaya har layukan su dishe daidai wa daida.

Talata, 4 ga Fabrairu

Ƙwayoyin tantance aiki sun iso daga abokan aiki a wani babban ɗakin gwaji: Escherichia coli ATCC 25922, Staphylococcus aureus ATCC 25923, da Klebsiella pneumoniae ATCC 700603. Ta farkon daga jikin wani mara lafiya aka same ta a Seattle tun 1946, kuma har yau da ita duniya ke gwada faifanta, saboda an san filin da ya kamata ta bayar da kowane magani. Gentamicin, milimita 19 zuwa 26. Ceftriaxone, 29 zuwa 35.

Gentamicin ya faɗa cikin iyaka. Ceftriaxone daga wani kwali da muka saya kwanan baya ya gaza kaiwa 29, aka maimaita ya sake gazawa, alhali kwanan lalacewar da ke jikinsa da saura. Da muka buɗe sabon kwali daga wani wurin, fili ya fito yadda ake so. Magungunan dangin penicillin da ceftriaxone ba sa jure zafi da danshi, kuma babu wanda ya san irin ranar da kwalin ya sha a mota ko a shago kafin ya zo hannunmu. Ba don ƙwayar tantancewar ba, da duk wanda aka gwada da faifan nan an rubuta masa cewa ƙwayarsa ta fi ƙarfin ceftriaxone, a tura shi sayen maganin da ya ninka shi tsada. Daga yau faifai a firiji yake kwana cikin gwangwani mai abin shan danshi, kuma ba a buɗe shi sai sanyin ya sake shi, don kada raɓa ta sauka a kansa. Gwajin tantancewa kullum za a yi shi, har mu ga hannunmu ya zauna, sannan ya koma mako-mako.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Rabin matsalarmu tun kafin fitsari ya iso tebur take faruwa. Yau wata dattijuwa ta zo daga wajen Soba da fitsari a tsohuwar robar lemo, tun asuba ta yi shi, sai kusan azahar ta iso.

"Mama, sannu da hanya. Wannan ba zai yi ba, sai kin sake mana wani a wannan kwalbar."

"Ɗan nan, ai na wanke robar tas."

"Na yarda, Mama. Daɗewar da ya yi a hanya ce matsalar. Kin sha wani magani a kwanakin nan?"

"Ja da yalo ne kawai, sai wani fari da mai kemis ya haɗa mini."

Abokiyar aikina ta ja ta gefe ta yi mata bayani: a yi tsarki da ruwa, a bar na farkon ya zuba, a tari na tsakiya, a rufe a kawo nan take. E. coli na iya ninka kanta cikin minti 20 idan ta samu yadda take so. Fitsarin da ya wuce awa biyu a waje ba firiji, 'yan ƙwayoyin da suka faɗa masa daga fata sun hayayyafa har su yi kama da cuta. Mu kuwa da ƙirga muke aiki. 'Yar wayarmu mai zobe tana ɗibar mililita 0.001, mu ja ta a kan agar na CLED. Ɗigo 100 suka tsiro, ƙwayoyi 100,000 ke nan a mililita, iyakar da Edward Kass ya kafa a shekarun 1950. Idan iri uku suka tsiro a cakuɗe, gurɓata ce, ba ma ɗora musu faifai, sai mu nemi sabon fitsari. Wannan yana ɓata wa wasu rai, ga kuɗin mota ga nisa, amma rubuta magani a kan gurɓataccen fitsari ya fi cutar da su.

Mun ƙara layi a fom ɗinmu: ya sha maganin ƙwayoyin cuta kafin ya zo ko bai sha ba.

Litinin, 3 ga Maris

Azumi ya kama, mun mayar da aikin tebur sassafe. Ɗalibin da ke koyon aiki a wurinmu ya soma kama hannu a rinin Gram, hanyar raba ƙwayoyi gida biyu, masu shuɗi da masu ja, da likitan Denmark Hans Christian Gram ya fito da ita a 1884. Wurin wanke rinin da barasa ne ake faɗuwa: a daɗe, mai shuɗi ta koma ja, a canza mata dangi gaba ɗaya.

Na tsaya a kansa yana duba wani farantin MacConkey. Ɗigogin manya ne, ruwan hoda, masu sheƙi, sun narke cikin juna. Na ce ya taɓa ɗaya da waya ya ɗaga a hankali. Ya biyo wayar yana yauƙi kamar miyar kuɓewa. Ya ce, "Malam, Klebsiella ce." Na ce zato ne mai kyau, amma sai kwalaben gwajin gano sunan ƙwaya sun shaida. Washegari citrate ya juye daga kore zuwa shuɗi, indole bai ba da jan zobe ba, ƙwayar ba ta motsi. Da E. coli ce, da ɗigon ruwan Kovac na gwajin indole ya kwanta ja a saman kwalba, citrate kuma ya zauna a korensa. Proteus ita urea take mayarwa ruwan hoda cikin 'yan awoyi, kuma takan malale farantin jini gaba ɗaya.

Sanin sunan ƙwaya shi ke hana mu rubuta abin da ba zai yiwu ba. Klebsiella da halittarta ba ta jin ampicillin. Proteus da halittarta ba ta jin nitrofurantoin. Duk ranar da faranti ya nuna akasin haka, ko sunan ne ba daidai ba ko gwajin, sai a koma farko.

Talata, 8 ga Afrilu

An dawo daga Sallah, zafi ya kai maƙura. Inkubetarmu ɗumamawa kaɗai ta iya, ba ta sanyayawa. Da rana ɗakin yakan fi digiri 35 ɗin da muke nema, sai cikinta ya bi ɗakin ya hau. Ga Staphylococcus wannan babbar magana ce, domin CLSI ta yi gargaɗin cewa sama da digiri 35 ana iya kasa gano wadda ta bijire wa methicillin, wato MRSA, wadda aka fara ba da rahotonta a Ingila a 1961. Da faifan cefoxitin mai maikurogiram 30 muke nemanta: milimita 21 zuwa ƙasa ta bijire, 22 zuwa sama tana ji. Tazarar milimita ɗaya ce tal, ba ta ɗaukar wasa da zafi. Mun mayar da inkubetar ɗakin ajiyar jini, inda na'urar sanyaya ɗaki ke kan sola, mun sa mata ma'aunin zafi mai riƙe mafi sama da mafi ƙasa, ana rubutawa safe da yamma.

Tunda maganar ta zo, akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kalmar "staf" ta zama abin tsoro a garin nan. Masu tallar magani a bayan mota da lasifika sun ɗora mata rashin haihuwa, da ciwon baya, da raunin mazakuta. Ma'aurata kan zo da takarda daga wani wurin an rubuta Staphylococcus aureus a fitsari, sun sha allura sun gaji, wasu har zargi ya shiga tsakaninsu. Dangin Staphylococcus da yawa a fatar kowa suke zaune lafiya lau. Ba a kiran ƙwaya aureus sai an haɗa ta da ruwan jini an ga ta daskarar da shi. A wurinmu ba mai rubuta sunan nan sai wannan gwajin, wato coagulase, ya tabbatar. Akwai kuma saprophyticus, wadda da gaske take sa wa 'yan mata da matasan mata ciwon mafitsara, ana gane ta da rashin jin faifan novobiocin, kuma maganinta ba wuya.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Wata E. coli daga fitsarin mai juna biyu ta tsiro har gindin faifan ceftriaxone. Muka shuka ta a sabon faranti, muka ɗora cefotaxime shi kaɗai a gefe, a ɗaya gefen cefotaxime haɗe da clavulanic acid, haka ma ceftazidime. Da safe na ɗaga farantin a kan baƙin ƙyalle, haske na dukansa ta baya. Gefen faifan da ke shi kaɗai ɗan siririn zobe ne da ƙyar rula ta kama. Gefen mai haɗin kuwa fili ne sarari, bakinsa a yanke tsaf. Ƙa'ida ita ce bambancin milimita 5 ko fiye, wannan ta wuce haka nesa. Ƙwayar tana fitar da sinadarin ESBL mai farfasa ceftriaxone da 'yan uwansa, clavulanic acid kuma ya ɗaure sinadarin. ATCC 700603 da muka shuka a gefe ita ma ta nuna yadda ya kamata.

Irin wannan sinadari, musamman dangin CTX-M, a kan ɗan guntun gado yake tafiya wanda ƙwaya ke miƙa wa ƙwaya, kuma sau da yawa tare yake da bijire wa ciprofloxacin da cotrimoxazole. Haka ta kasance a nan. Nitrofurantoin ne ya tsaya, da milimita 19. Na kai wa likitar da hannuna don kada takardar ta kwana a tire.

Talata, 6 ga Mayu

Mun zauna da likitoci. Babbansu ya ɗaga sabuwar takardar sakamako ya ce, "Malam, mu fa mun saba da alamar tarawa. Wanda ya fi yawa shi muke ɗauka. Yanzu ka bar mu da haruffa."

Na ce, "Likita, Allah ya ƙara girma, a nan ne tsohuwar hanyar ke yaudara. Faɗin fili ba ya nufin ƙarfin magani." Kowane magani da yadda yake bazuwa a agar, kowanne da iyakarsa. Milimita 17 a nitrofurantoin ƙwaya tana ji. Milimita 19 a ceftriaxone ta bijire, sai 23 ake cewa tana ji. Mai duba da ido zai ba ceftriaxone alama mafi yawa, ya zaɓi wanda ba zai yi ba. Su kansu iyakokin suna canzawa. Kafin 2019 milimita 21 a ciprofloxacin ta isa a ce E. coli tana ji. Daga bugun CLSI na shekarar, sai 26, ita 21 ɗin ma ta koma bijirewa. Duk ɗakin gwajin da tsohon jadawali ke manne a bangonsa yana rubuta "tana ji" a inda littafi ya ce akasin haka.

Mun kuma yi yarjejeniya a kan abin da za a riƙa nunawa. Idan ƙwayar mafitsara tana jin nitrofurantoin ko wani ƙaramin magani, ba za mu jera meropenem a takarda ba, zai zauna a littafinmu sai an nema. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2017 ta kasa magungunan nan gida uku: na yau da kullum, na taka-tsantsan, da na ajiya. Abin da ido ya gani a takarda shi hannu ke rubutawa. Wata likita ta tuna mana, kuma da gaskiyarta, cewa nitrofurantoin a mafitsara kaɗai yake taruwa, ba ya yi idan cutar ta hau ƙoda ko ta shiga jini. Mun ƙara wannan a ƙasan takardar.

Laraba, 21 ga Mayu

Ruwa ya sauka, zafi ya faɗi, yanzu danshi ne abin lura, sai an shanya faranti kafin shuka. Muna shigar da sakamako a manhajar WHONET, wadda kyauta ce. Lambar milimita muke shigarwa da kanta, don ko iyaka ta sake canzawa a iya sake fassara tsohon aiki. Kowane mara lafiya ƙwayarsa ta farko kaɗai ke shiga lissafi.

Laraba, 11 ga Yuni

Wani dattijo da ya daɗe da robar fitsari, an yi ta yawo da shi asibiti-asibiti. Klebsiella ce, kuma kusan ko'ina a farantin ta rufe. Meropenem ya ba da fili ƙasa da milimita 19, alhali 23 ake nema. Na sake tsarkake ƙwayar, na sake gwadawa da faifai daga wani kwalin, ATCC 25922 na gefe tana cikin iyakarta. Sakamako bai canza ba.

Muka yi gwajin da ƙarfinmu zai iya. An jefa faifan meropenem cikin romon shuka tare da ƙwayar dattijon na awa 4, aka ciro shi aka ɗora a kan shukar ATCC 25922, wadda meropenem ke kashewa ba gardama. Da faifan na da sauran ƙarfi, da an ga fili na milimita 19 ko fiye. Da safe E. coli ta tsiro har jikinsa. Ƙwayar dattijon ta cinye maganin da ke ciki.

Wane irin sinadari ne ƙwayar ke farfasa maganin da shi, NDM da aka fara ganowa a 2008 a jikin wani mazaunin Suwidin da ya yi jinya a Indiya, ko waninsa, wannan aikin manyan na'urori ne. Mun adana ƙwayar a firiza. Likita ya tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da cikakken sakamakon a hannun ɗansa. Ma'aikatan jinya sun keɓe gadon da kayan da aka yi masa amfani da su, an wanke ɗakin.

Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 ne bijirewar ƙwayoyin cuta ta kashe kai tsaye a duniya, kuma yankin da abin ya fi muni shi ne namu, Afirka ta Yamma, da mutuwar 27.3 a cikin kowane mutum 100,000. Na sha karanta lambar nan. Yau na yini ina tunanin ɗan dattijon da ya tambaye ni a bakin taga, "Malam, to wanne za mu saya?" ga takarda a hannuna babu abin da zan nuna masa.

Talata, 1 ga Yuli

Takardar farko ta fita. Ƙa'idar CLSI ita ce kada a fitar da lissafin wata ƙwaya sai an tara aƙalla 30 daga mutane daban-daban. E. coli ta haye, don haka ita kaɗai ke kan takardar. Klebsiella da Proteus ba su kai ba, mun bar gurbinsu fari duk da an roƙe mu mu sa ko nawa ne.

Abin da ta nuna a taƙaice: ampicillin da cotrimoxazole, wanda aka fi sani da Septrin, sun faɗi a mafi yawan ƙwayoyin, bai kamata a fara da su a makance ba. Ciprofloxacin ya yi rauni fiye da yadda likitocinmu suka zata. Nitrofurantoin ne ya fi tsayawa. Na rubuta gargaɗi da babban baƙi a ƙasa: yawancin masu zuwa shuka waɗanda suka riga suka sha magani bai yi ba ne, layin da muka ƙara a fom ya nuna haka, saboda haka takardar za ta fi gaskiyar gari muni. Don rage wannan, likitar ɗakin awon ciki ta amince a riƙa karɓar fitsarin masu juna biyu a zuwansu na farko, kafin su sha komai, mu ware lissafinsu daban.

An manna kwafi a kowane ɗakin ganin likita da kantin magani na asibiti, da kwanan wata a kai, za a sabunta a watan Janairu. Faifan cefoxitin da na meropenem sun kusa ƙarewa, an rubuta odar sababbi, da sharaɗin a kawo su cikin akwatin ƙanƙara. Mako mai zuwa za mu fara haɗa kwalaben shukar jini, domin masu zazzaɓin da ake yi wa hukuncin taifod da gwajin Widal kaɗai.